Tsohon alƙalami ya ƙi shan tawada: yadda ake gano inda matsalar take da yadda ake gyara ta

Wani mai karatu daga Tudun Wada a garin Gombe ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifinsa, wanda ya yi aikin akawu a En'e tun Gombe tana ƙarƙashin lardin Bauchi, ya rasu ya bar alƙaluma biyu irin masu shan tawada daga kwalba. Na farko an rubuta Conway Stewart a jikinsa, yana da 'yar liba ta ƙarfe a gefe, amma libar ta ƙage, ba ta ɗagowa sai da ƙyar, kuma ko ta ɗago ba ya shan komai. Na biyu Parker 51 ne, wanda idan aka kwance gangar jikinsa ake ganin kwanson ƙarfe da wurin matsawa, shi kuwa yana shan tawada, amma kaɗan, bai fi ya rubuta rabin shafi ya tsaya ba. Yana so ya san ko suna gyaruwa, da kuma ko zai iya gyara su da hannunsa.

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Dukansu biyu suna gyaruwa, kuma na farkon ma, wanda kake ganin ya fi lalacewa, shi ne gyaransa ya fi zama sananne. Amma kafin komai ina roƙonka ka daina ɗaga wannan liba daga yau, domin mafi yawan tsofaffin alƙaluman da na ga sun tashi daga aiki har abada ba tsufa ne ya kashe su ba, ƙarfin hannun mai son gyara su ne. Jakar tawada, wato 'yar jakar roba da ke cikin gangar jiki wadda libar take matsewa, idan ta mutu ana sauya ta da kuɗi kaɗan, amma liba da ta karye, ko bakin gangar jiki da ya tsage, wannan aiki ne babba, wani lokacin ma babu mai iya mayar da shi yadda yake.

Kusan duk alƙalamin da ke shan tawada da kansa, ko wane kamfani ne ya ƙera shi, da iska yake aiki. Ana korar iskar da ke cikin ma'ajiyar tawada, sannan a bar ma'ajiyar ta buɗe yayin da bakin alƙalamin yake nutse, sai tawada ta hau ta cike gurbin da iskar ta bari. Saboda haka idan alƙalami ya ƙi sha, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru: ko dai abin da ke korar iskar ya daina aiki, ko iska tana shiga ta wata kafa da bai kamata ba, ko kuwa hanyar da tawada take bi ta toshe. Wanda ya taɓa zuƙar lemo da tsinken roba mai huda a gefe ya san yadda na biyun yake, kana zuƙa da ƙarfi amma iska ce kawai take zuwa. Aikin mai gyara na farko shi ne ya tantance wanne ne daga cikin ukun, kuma ana iya yin haka ba tare da an kwance ko da abu ɗaya ba.

Ka fara da kunne da ido. Ka ɗauki mai libar ka girgiza shi a hankali kusa da kunnenka. Idan ka ji wani abu yana kacau-kacau a ciki kamar ɓarɓashi, to jakar roba ta bushe ta farfashe, kuma ba ka buƙatar wani gwaji bayan wannan. Idan ba ka ji komai ba, ka sa farce ka taɓa libar da ɗan ƙarfin da bai wuce na ɗaga takarda ba. A lafiyayyen alƙalami za ka ji tana tafiya da laushi, akwai abu mai taushi da yake turo ta baya. Idan ta tsaya cak bayan ta ɗan motsa, jakar ta ƙandare ta zama kamar busasshen kara, kuma ƙarfen da ke matse ta ba shi da inda zai je. Idan kuwa tana lilo babu wani abin da ke riƙe ta, ko dai jakar ta narke ta manne a bango, ko ƙarfen matsin ya karye saboda tsatsa, ko ya zame daga mazauninsa. Bisa abin da ka bayyana, naka na cikin kashi na ƙandararriyar jaka, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin jakar da aka yi da ɗanyen roba ba a yi ta don ta shekara 60 ko 70 ba, balle a ƙasa irin tamu da zafi yake kaiwa digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Zafi yana hanzarta mutuwar roba ƙwarai.

Gwaji na gaba da ruwa ake yin sa, ba da tawada ba, kuma ana yin sa ne kawai ga alƙalamin da libarsa ke motsi ba tare da tilas ba. Ka zuba ruwa mai tsabta, marar zafi, a kofin gilashi, ka nutsa bakin alƙalamin gaba ɗaya har ruwan ya taɓa leɓen wuyan da ake riƙewa. Wannan wuri mutane da yawa suke kuskure, suna tsoma tsinin baki kawai don kada su ɓata hannu, sai alƙalamin ya zuƙi iska su ce ya lalace. Ka ɗaga libar kana kallon kumfa, ka mayar da ita, sannan ka bar bakin a cikin ruwan ka ƙirga goma a hankali, domin jaka tana buƙatar lokaci kafin ta gama buɗewa. Ka fito da shi, ka sake ɗaga libar a kan kofin, ka ƙirga ɗigon da zai fito. Lafiyayyen alƙalami matsakaici yana fitar da kumfa mai yawa a karon farko, kuma yana mayar da ɗigo 10 zuwa 20 gwargwadon girmansa. Idan kumfar kaɗan ce kuma ɗigo biyu ko uku ne suka fito, akwai 'yar huda a jakar ko mannin bakinta ya saki. Idan libar tana da taushi yadda ya kamata amma babu kumfa sam, sai ka ji kamar kana matsa abin da aka toshe bakinsa, jakar tana da rai, busasshiyar tawada ce ta toshe makwarara, wato baƙin abin nan mai tsaga-tsaga da ke kwance a ƙarƙashin bakin ƙarfe. Idan kuma ya sha ruwa sosai amma da ka riƙe shi baki ƙasa sai ya yi ta ɗiga da kansa, iska ce take shiga daga sama, kuma sau da yawa sai ka tarar da danshi a ramin libar.

Yanzu sai buɗe Conway Stewart ɗin, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ake asara. Irin wannan tsari na liba Walter Sheaffer ne ya yi masa rajista a Amurka a 1908, kamfanoni da yawa suka bi sahu, ciki har da Conway Stewart na Landan, kuma ginin cikinsa kusan ɗaya ne a ko'ina: wuya mai ɗauke da baki da makwarara, a bayan wuyan akwai ɗan nono da ake manna jakar a kansa, sai ƙarfen matsi a kwance a jikin bangon gangar. Wuyan a mafi yawansu cusa shi aka yi, a wasu kuwa murɗa shi aka yi kamar noti, kuma sau da yawa akwai ɗan mannin shalak, wato ƙaron da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, wanda yake yin laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60. Matsalar ita ce kayan da aka yi gangar da su ba su da nisa da wannan ma'auni kafin su ma su fara lanƙwashewa. Yawancin masu launi na wancan zamani da selulod aka yi su, wani tsohon nau'in filastik ne mai kama wuta nan take, saboda haka kada ka kusantar da shi ga ashana, ko kyandir, ko risho, ko garwashi, ko da wani ya ce maka shi haka yake yi. Abin da ake amfani da shi shi ne na'urar busar da gashi irin ta masu gyaran kai, a riƙe ta nesa kaɗan, ana jujjuya alƙalamin don zafin ya zagaye mahaɗar wuya da ganga. Ma'auninka shi ne yatsanka: idan wurin ya yi zafin da ba za ka iya riƙe shi ba, ka wuce gona da iri, ka dakata ya huce.

Kada kuma ka ce za ka jiƙa shi a ruwan zafi don ya saki. Conway Stewart sun yi alƙaluma da yawa da wani abu da ake sarrafawa daga madara, mai suna kasin, wanda yake shan ruwa ya kumbura ya lalace idan ya daɗe a jiƙe, kuma da ido kawai ba kowa ne zai bambanta shi da selulod ba. Wuyan da makwararar kuma sau da yawa na ƙandararren baƙin roba ne, wanda ruwa, musamman mai zafi, yake mayar da shi ruwan ƙasa ko kore-kore. Don haka ƙa'idata ga duk alƙalamin Ingila mai launi na wancan zamani ita ce gangar jiki da murfi ba sa shiga ruwa sam. Haka nan sifirit, da fetur, da kananzir, da ruwan goge farce, babu wanda zai taɓa jikinsa.

Idan wurin ya yi ɗumi, ka naɗa guntun robar tub ɗin keke a wuyan don hannunka ya kama, ka riƙe gangar da ɗaya hannun daf da mahaɗar, yatsunka suna tallafe da bakinta. Ka fara da murɗawa hagu kaɗan kamar mai kwance noti, domin idan mai murɗi ne zai nuna maka, idan kuma na cusawa ne murɗawar za ta karya mannin sannan ka ja a miƙe. Kada ka riƙa karkaɗa shi hagu da dama kamar mai cire haƙori, wannan shi ne yake tsaga bakin ganga, wurin da ya fi ko'ina siranta. Kada ka sa filaya tsirara, kuma kada ka cire baki da makwarara kafin ka ciro wuyan, domin su ne suke cike cikinsa suna hana shi murƙushewa a hannunka. Idan ya ƙi, ka ajiye shi, ka sake ɗumama shi gobe. Akwai wuyan da sai an yi ta komawa kansa kwana da kwanaki kafin ya saki, kuma abin da ya shekara 70 a manne ba zai cutu da ƙarin mako ɗaya ba.

Da ya fito, za ka ga ragowar jakar a kan nonon, sauran kuma a cikin ganga. Ka zazzage abin da zai zazzagu, ka haska ciki da fitilar waya, sannan ka kankare abin da ya manne da siririyar waya mai lanƙwasasshen kai, kana kiyaye ƙarfen matsin kada ka fizgo shi. Sai cikin ya fita tas, domin guntu ɗaya da ya rage a bayan ƙarfen zai hana sabuwar jaka buɗewa sosai, ka koma gidan jiya. Ka gwada libar yanzu da cikin yake fanko, ka ga ƙarfen yana sauka a miƙe yana komawa da kansa. Idan tsatsa ce sama-sama, ana iya barinsa a wurinsa a goge shi da ɗan samfefa mai laushi da aka naɗa a tsinke, idan kuwa ya karye sai an sa sabo, kuma ana sayar da su tare da jakunkunan. Nonon kuma ka kankare shi da bayan wuƙa a hankali har sai ya yi sumul, kada ka rage kaurinsa, kada kuma ka matsa masa daga gefe, domin yana karyewa.

Kafin ka manna sabuwar jaka, ka tabbatar hanya a buɗe take. Ka tsayar da wuyan a ɗan ruwa marar zafi wanda ya rufe baki da makwarara kawai, ka bar shi 'yan sa'o'i, sannan ka tura ruwa ta nonon da sirinji marar allura har sai ya fito fari ta baki. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka na ruwa a cikin kofi yana taimakawa. Idan tawadar ta yi taurin kai ana amfani da ruwan amoniya na aikin gida, kashi 1 a cikin kashi 10 na ruwa, na ɗan lokaci, sannan a ɗauraye sosai, kuma kada a taɓa haɗa shi da ruwan bilic. Ina ba da shawarar ruwan leda ko na gora a wannan aiki maimakon ruwan rijiya ko na burtsatse, domin wasu rijiyoyinmu suna da gishiri da laka waɗanda suke zama a cikin tsagar makwarara, tsagar da ba ta fi kaurin gashi biyu ko uku ba. Idan ruwa yana wucewa, kada ka fitar da baki da makwarara daga wuyan, babu buƙata.

Jakunkunan suna da lamba, kuma lambar tana nufin faɗin jakar a ma'aunin kashi 64 na inci. Mai lamba 16 faɗinta rubu'in inci ne, wato milimita 6 da ɗan ɗori, mai lamba 18 ta fi ta kaɗan. Jakar da ta dace ita ce wadda za ta zame cikin ganga da kanta ba tare da an tura ba, libar tana rufe, kuma ta kama nonon da ɗan ja. Mutane suna son cusa babba don ta ɗauki tawada da yawa, ni kuwa a garuruwanmu na fi son wadda ta ɗan yi ƙasa da iyakar abin da gangar za ta ɗauka, domin jakar da ta manne da bango tana ɗaukar zafin hannu da sauri, iskar cikinta ta kumbura, sai alƙalamin ya yi aman tawada a kan takarda. Tsawonta kuma ka auna shi ta hanyar zura ta har ƙarshe, ka sa alama daidai bakin ganga, ka rage tsawon ɓangaren wuyan da ke shiga ciki ban da nonon, ka ƙara rage milimita 2 ko 3 don kada ta tokare, sannan ka yanke a miƙe da almakashi mai kaifi.

Mannin shalak ne kawai, siriri, a zagaye nonon, ba tare da ya shiga ramin tawada ba. Ka zura bakin jakar, ka daidaita ta ta tsaya a miƙe, ka bar ta ta kwana. Dalilin da ya sa ake nacewa a kan shalak shi ne tawada ba ta narkar da shi, amma ɗumi yana sakin sa, saboda haka wanda zai sake gyaran bayan shekaru zai iya buɗewa. Sufa gulu, da gam ɗin faci, da gam ɗin takalmi, duk suna kashe alƙalami, kuma na sha karɓar waɗanda aka yi wa haka, sai dai in ba mai su haƙuri. Washegari, kafin ka mayar da shi cikin ganga, ka tsoma bakin a ruwa ka matsa jakar da yatsu, ka ga tana sha tana riƙewa. Sannan ka shafa mata hodar talk tsantsa don ta zame kuma kada ta manne da ƙarfe nan gaba. Hodar jarirai da ta kwalliya ba su dace ba saboda turare da sauran abubuwan da ake haɗa musu, basilin kuwa da duk wani mai da aka samo daga fetur yana cinye roba. Ka ɗan ɗumama bakin gangar, ka mayar da wuyan yadda bakin ƙarfen zai yi layi ɗaya da libar, ba tare da ka sa wani manni ba idan ya kama da kansa.

Jakunkunan nan da shalak ɗin da aka haɗa don alƙalami daga masu sayar da kayan gyara a Ingila ko Amurka ake yin odarsu ta intanet, kuma ba su da nauyi, don haka ka sayi lamba biyu ko uku a lokaci guda, ka adana ragowar a kwalba mai murfi a wuri mai duhu da sanyi. Kada ka yi dabarar sa balan-balan, ko yatsan safar hannu, ko robar ƙarin ruwa ta asibiti. Wasu ba su da ƙarfin buɗewa da kansu, wasu sun yi tauri har su lanƙwasa liba, kuma irin filastik ɗin robar ƙarin ruwa yana iya lalata selulod idan suka daɗe a haɗe. Ko da kayan za su yi jinkirin isowa, ka fitar da matacciyar jakar tun yanzu, domin roba mai ruɓewa tana fitar da iskar da ke dusar da launin ganga daga ciki, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa.

Parker 51 ɗinka labarinsa dabam ne, kuma mai daɗi. An fara sayar da wannan samfuri a 1941 da wani tsarin famfo a gindi, sannan a 1948 aka koma irin wanda ke hannunka, mai kwanson ƙarfe da wurin matsawa. Jakarsa ba ta ɗanyen roba ba ce, ta wani filastik ce mai jure shekaru, kuma da yawa daga cikinsu har yau suna aiki da jakarsu ta asali ko da tawada ta rine ta ta yi baƙi. Saboda haka kada ka fara da tunanin sauya ta. Abu na farko, ka duba rubutun da ke jikin kwanson, za ka ga kamfanin ya ce a matsa sau 4, a wasu na farko ma sau 6, ana ɗan dakatawa tsakanin kowace matsa, bakin yana nutse. Wanda ya matsa sau ɗaya ya fito da shi, tawada kaɗan zai samu, kamar yadda ka ambata. Dalili kuwa shi ne a cikin jakar akwai wani siririn bututun numfashi da ya taso daga makwarara, kuma a kowace matsa iska tana fita ta bututun da sauri fiye da yadda tawada take fita ta hanyarta, don haka tawadar tana ƙaruwa hawa-hawa.

Idan ka matsa yadda aka ce amma abin bai sauya ba, ka yi gwajin ruwa kana lura da kumfa. A lafiyayye za ka ga kumfa a matsa ta farko, da ta biyu, da ta uku, tana raguwa har ta ƙare. Idan kumfa ta fito a ta farko kawai, daga nan sai ruwa yake shiga yana fita daidai wa daida, to bututun numfashin ya toshe ko ya ruɓe. Irin waɗannan bututu na farko da azurfa aka yi su, kuma wata tawadar Parker ta wancan lokaci mai suna Superchrome ta cinye da yawa daga cikinsu. Toshewa ta fi yawa, kuma maganinta haƙuri ne: ka tsayar da gaban alƙalamin a ruwa ya kwana, ka yi ta matsawa kana sauya ruwan, kwana biyu ko uku. Jikin wannan alƙalami ba ya tsoron ruwa kamar na Conway Stewart, kuma a ƙarƙashin rufin da ya lulluɓe bakin akwai wani matattari mai siraran fukafukai da yawa wanda yake ɓoye busasshiyar tawada mai yawan gaske, har ka ɗauka ruwan ba zai taɓa yin fari ba. Idan bayan duk wannan kumfar ba ta dawo ba, sai an kwance rufin gaba da ɗumi, domin da manni aka ɗaure shi, a ciro bututun a zura masa siririyar waya ko a sauya shi. Wannan mataki ban so ka fara koyonsa a kan alƙalamin mahaifinka ba. Ka nemi Hero 616, wanda Sin ta ƙera a kan fasalin Parker 51 kuma ɗalibai da yawa a nan suka yi rubutu da shi, ka koyi kwancewa da ɗaurawa a kansa tukuna.

Tunda wasu masu karatu za su duba nasu akwatunan, bari in taɓa sauran nau'o'in a gurguje. Mai maɓalli a gindi, irin Parker Duofold na 1921, jaka ce a cikinsa kamar mai liba, sai dai ƙarfen matsinsa ta ramin maɓallin ake ciro shi kafin a kwance wuya, kuma ta nan ake mayar da shi a ƙarshe. Mai fistin, wato toshi mai hawa da sauka a cikin ganga idan an murɗa gindin alƙalamin, wanda Pelikan na Jamus suka fito da shi a 1929, idan murɗinsa ya ƙage kada a tilasta, a sa masa ruwa ta gaba ya kwana, sannan a shafa ɗan man silikon tsantsa a bangon ciki. Na farkonsu da ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba aka yi kan fistin ɗin, kuma iskar hunturu tana busar da shi ya tsuke, shi ya sa nake cewa a bar ruwa a cikin irin wannan idan za a ajiye shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alamar mutuwarsa ita ce ganin tawada a bayan fistin ko a wurin murɗi. Sheaffer Touchdown na 1949 da Snorkel na 1952 suna da jaka da zoben roba mai riƙe iska, suna shan tawada ne bayan an tura bututun famfo da ke gindinsu ƙasa, kuma ba a jan bututun sama alhali baki yana nutse, domin ruwa yana iya shiga ganga idan jakar ta huje, a Snorkel kuwa ya sa sifirin ɗin ciki tsatsa. Parker Vacumatic na 1933, da Parker 51 na farko mai famfo a gindi, suna buƙatar wani mabuɗi na musamman, kuma wanda ba shi da shi ya bar su a rufe.

Saura maganar tawada, wadda ita ce take mayar da gyararren alƙalami wurin mai gyara. Tawadarmu ta allo, da ake haɗawa da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, tawada ce mai kyau ga alƙalamin kara, amma ƙaron da ke sa ta kama allo shi ne zai daskare a cikin makwarara. Haka tawadar hatimi, da ta na'urar buga takardu, da baƙar tawadar zane, wadda wasu nau'o'inta da shalak ake haɗa su. Ka tsaya a kan tawadar da aka yi don irin wannan alƙalami, kamar Parker Quink, ko Pelikan 4001, ko Waterman, kuma shuɗiya ta fi sauƙin wankewa. Tsohuwar kwalbar da ka tarar a akwatin, idan ta yi kauri, ko tana wari, ko akwai wani abu yana yawo a samanta, kada ka zuba ta. Ka riƙa wanke alƙalamin da ruwa duk wata ɗaya ko biyu, ka zubar da tawadar idan za ka ajiye shi fiye da mako biyu, ka sa shi a aljihu baki sama, kuma kada ka bar shi a cikin mota da rana. A lokacin bazara ka riƙa cika shi tun bai kai rabi ba, domin yawan iskar da ke cikin jaka shi ne yake kumbura ya turo tawada.

Ka fara da Parker ɗin a wannan mako, tunda ruwa da kofi kawai yake buƙata. Conway Stewart ɗin kuma, idan wuyan ya fito, ka auna faɗin ramin gangar da na nonon da milimita kafin ka yi odar jaka, ka kuma duba ko akwai lamba a jikin gangar bayan sunan kamfanin, domin masu sayar da kayan suna iya gaya maka jakar da ta dace da wannan lambar. Idan ka ga tsaga a bakin gangar ko a jikin nonon, komai ƙanƙantarta, ka dakata a nan ka aiko mini da hotonta kafin ka ci gaba.